Ɗan Lokacin Da Ya Rage Mana Bayan Aiki

 Yau a shirinmu na faɗakarwa zancenmu a kan hutu ne da shaƙatawa, wato ɗan lokacin nan da ke rage wa mutum bayan ya taso daga kasuwa ko ofis ko gona, ko bayan uwargida ta sauke tukunyar dare ta kintsa yara. Me muke yi da shi?

Na san wani zai ce, haba malam, ana fama da tsadar masara da kuɗin makaranta, wa yake ta shaƙatawa? Ban raina wannan magana ba ko kaɗan. Sai dai a ganina, wanda wahala ta fi yi wa yawa shi ya fi kowa buƙatar hutu. Ɗan dako, da direban da ke kwana a hanya, da ma'aikaciyar asibiti mai aikin dare, da matar da tun asuba take tsaye a madafa, duk jini da tsoka ne. Masu karatun hadisi sun san labarin Salmanul Farisi da ya ziyarci ɗan'uwansa Abud Darda'i, ya tarar ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare har ya manta da kansa da iyalinsa. Salmanu ya tunatar da shi cewa bayan haƙƙin Ubangijinsa, ransa da iyalinsa ma suna da nasu haƙƙin a kansa, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gaskata Salmanu. Ta fuskar doka ma, sanarwar haƙƙin ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ta sa hutu a sashe na 24, dokar ƙwadago ta Najeriya kuma ta ba ma'aikacin da ya cika wata 12 yana aiki hutun aƙalla kwana 6 na aiki tare da albashinsa.

Iyayenmu ba su jira wata sanarwa ba. Da an kammala girbi, amfanin gona ya shiga rumbu, sai gari ya ɗauki harama. Samari su yi kokawa da dambe da langa, 'yan mata su fita dandali da farin wata su yi gaɗa, dattawa su haƙa gurabun dara a gindin bishiya, kaka ta tara jikoki ta yi musu tatsuniya da kacici-kacici. Da azumi ya kai goma ga wata yara su fito tashe. Abin da nake so ku lura da shi a nan shi ne kusan kowa yana ciki da jikinsa. Mai tsalle na tsalle, mai tafi na tafi, mai amshi na amshi. Ɗan kallo ma yana da bakin magana.

Yau fa? Mafi yawanmu in mun samu sarari, waya muke ɗauka. Ba na zagin waya, da ita muke zumunci, da ita muke ciniki, wasu ma da ita suke sauraronmu yanzu haka. Amma mutum ya yi awa uku a kishingiɗe yana kallon yadda wasu ke cin abinci, wasu ke yawon duniya, wasu ke rawa, ya tashi wuya ya ƙage, ido na yaji, zuciya cike da ƙyashin abin da bai samu ba, wannan bai huta ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako yana motsa jiki daidai gwargwado. Wanda aikinsa na zama ne, hutunsa ma na zama ne, ina zai samo su? Mafi muni kuma shi ne yadda cacar ƙwallo ta shigo cikin wayoyin samarinmu da sunan nishaɗi. Abin da ke raba ka da kuɗin cefane ya kuma hana ka barci, ko me aka kira shi, ka guje shi.

To bari mu duba wasu hanyoyi da mutum zai huta da kansa, ba a huta a madadinsa ba.

Mu fara da ciki. Bahaushe na da yana jin kunyar a gan shi yana cin abinci a waje, musamman magidanci. Wannan kunyar ta ragu, gidajen abinci sun cika biranenmu, ga kuma tsofaffin abokan hulɗa, mai shayi da mai tsire da mai balangu. Ka tsaya gaban tukuba da magariba ka ga yadda mai tsire ke yanka nama falle-falle, ya tsira a tsinke, ya birkiɗa shi cikin dakakken ƙuli da yaji, ya yayyafa mai, ya kakkafa tsinkayen kewaye da wuta yana juya su ɗaya bayan ɗaya. Kallon kaɗai ma nishaɗi ne. Wanda ya je Kano ya nemi gurasa bandashe, wanda ya je Bauchi ya nemi masa da miyar taushe.

Inda nake da magana da 'yan'uwana maza shi ne nan. Da yawanmu mu kaɗai muke wannan shaƙatawar. Maigida zai zauna a majalisa ya ci tsire ya kora da shayi mai kauri, ya goge baki ya shiga gida hannu rabbana, alhali matar da ta wuni tana hura wuta ko ƙanshi ba ta ji ba. Ƙunshin dare da aka san magidanta da shi a da, me ya kashe shi? Ko sau ɗaya a wata, a ce wa uwargida yau kada ki ɗora tukunya. In da hali a fita da ita da yara wurin da ya dace da mutuncinku. In babu, a sayo a shimfiɗa tabarma a tsakar gida a ci tare. Abin da ta samu a ranar hutun hannu ne, kuma ta san an san da wahalarta.

In za a ci a waje, a kula da abu kaɗan. A nemi abincin da aka sauke da zafinsa, a leƙa ruwan da ake wanke kwanuka da shi, a wanke hannu da sabulu, musamman da damina lokacin da amai da gudawa ke yawo. A roƙi mai nama kada ya naɗe shi a tsohuwar jarida, domin tawada na narkewa cikin mai. Sannan a tambayi farashi kafin a zauna, kada a ci da daɗi a biya da ɓacin rai.

Sai tafiya, wadda Hausawa suka ce mabuɗin ilimi ce. Da an ce yawon buɗe ido sai hankalinmu ya tafi Dubai, alhali akwai Bakanon da aka haifa a Kano ya yi furfura bai taɓa hawa Dutsen Dala ba, bai shiga Gidan Makama ba, bai tsaya a karofin Ƙofar Mata ya ga yadda ake rini da baba ba. Katsina na da hasumiyar Gobarau, Daura na da rijiyar Kusugu, Zariya na da dutsen Kufena. A jihar Bauchi ga gandun dajin Yankari, wanda aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, da giwayensa da ruwan Wikki mai ɗumi da ke tsayawa wajen digiri 31 rani da damina. A Kabi ga bikin kamun kifi na Argungu da aka faro a 1934 bayan ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu, inda dubban masunta ke rugawa cikin kogin Matan Fada da gora da homa, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Hawan Sallar Kano ma ya shiga wannan jeri a 2024. Tsallaka Nijar, ga tsohon garin Agadas da hasumiyar masallacinsa ta laka mai tsawon mita 27, ga kokawar Takobi da aka faro a Tawa a 1975, wadda in ana yin ta kasuwa ma sanyi take yi.

Ba zan ɓoye muku ba, halin tsaro ya sa wasu hanyoyinmu ba su biyuwa yadda ake so. Saboda haka a tambayi direbobin tasha halin da hanya ke ciki kafin a tashi, a yi tafiyar rana, a gaya wa wani a gida inda aka nufa. A fara da kusa. Kuɗin motar zuwa ƙauyen kakanni da yara, su ga rumbu da turken shanu da inda aka binne cibiyar ubansu, ana iya tara shi da ɗan adashi.

Yanzu mu zo ga kiɗa. Na san malamanmu suna da maganganu a kansa, kuma kowa ya bi abin da ya gamsu da shi. Wanda ba ya sauraron kayan kiɗa yana da zaman ƙasidu da rubutattun waƙoƙi da ake rerawa da murya zalla, su ma dandali ne. Abin da nake so in faɗa shi ne akwai tazara mai nisa tsakanin jin waƙa a waya da ganin mawaƙi ido da ido. Ka dubi makaɗin kalangu. Ya saƙale shi a hammata, in ya matse tsarkiya murya ta hau, in ya sassauta ta sauka, har gangar ta furta taken mutum, wanda ake kiɗa wa ya ji sunansa ba tare da an buɗe baki ba. Mawaƙi ya hango wani ya shigo fili, nan take ya saƙa shi cikin waƙa, 'yan amshi su karɓa. Waƙar wannan dare ba za a sake yin ta haka ba har abada. Da wannan baiwar Alhaji Mamman Shata ya yi zamaninsa har Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa, ya rasu a 1999. Ɗanmaraya Jos, da ya rasu a 2015, da kuntigi mai tsarkiya ɗaya tal ya zagaya duniya. Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, da ta rasu a 2013, da ƙorai da 'yan amshinta mata ta riƙe bukukuwan cikin gida shekara da shekaru. A da kusan kowace sana'a da kiɗanta, mahauta da kalangu, maƙera da dundufa, manoma da gangar noma, fada kuma da kotso da taushi da algaita da kakaki.

Yau a yawancin bukukuwanmu an sallami makaɗa, an kawo mai na'ura da manyan lasifikoki. Ni abin yana damuna ta fuska biyu. Ta farko, ɗan makaɗin da ya ga ubansa ba ya samun gayyata ba zai koyi sana'ar ba, kuma ranar da tsohon ya kwanta dama, taken gidaje da na garuruwa da ke kansa sun tafi ke nan. Wanda Allah ya hore wa, in zai aurar da 'ya, ya ware wa masu kalangu ko gurmi ko 'yan amada ko da awa ɗaya. Ta biyu ita ce lafiyar kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa sama da biliyan ɗaya na fuskantar haɗarin raunin ji saboda ƙarar da ta wuce kima. Ga ma'auni mai sauƙi: in sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye dab da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa. In ka koma gida kunnenka na ƙugi, an riga an taɓa shi, kuma jin da ƙara ta lalata ba ya dawowa. Iyaye mata, don Allah kada a zauna da goyo a gindin lasifika. Masu liƙi kuma su sani dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana watsa takardun naira da tattaka su, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata 6 ne ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun. A miƙa wa mawaƙi kyautarsa a hannu, ya fi mutunci.

Na bar abin da ya fi kwanta mini a rai zuwa yanzu, wato aikin hannu, musamman aikin itace. Mutum ya samu wata 'yar sana'a da yake yi don sha'awa, ba don ita ce abincinsa ba. Wani kiwon tantabara, wani lambu a bayan gida, wata saƙa ko ɗinkin hula. Amma ga wanda ya wuni yana aiki da ƙwaƙwalwa ko da baki, malamin makaranta, akawu, mai shago, ban ga abin da ke wanke kai irin ya riƙe zarto ba. Dalili kuwa, aikin itace ba ya karɓar rabin hankali. Muddin kana bin layin fensir da zarto, tunanin bashi da rigimar wurin aiki dole su jira a waje. Sannan in ka gama ga abu a gabanka, ana zama a kai ko ana ajiye littafi.

Wasu na ganin faɗuwar girma ce mai digiri ko mai rawani ya tsuguna yana buga ƙusa. Su tuna ya tabbata a hadisi cewa Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne, Annabi Nuhu kuma da hannunsa ya ƙera jirgi. Mu kanmu gidajenmu cike suke da aikin masassaƙa: turmi da taɓarya, akushi, muciya, kujera 'yar tsugunno, ƙotar fartanya, allon karatu, har jikin kalangun da muka ambata ɗazu. Ka je inda masassaƙi ke aiki ka zauna. Zai kafa gungumen ƙirya tsakanin ƙafafunsa, ba fensir ba ma'auni, ya ɗaga gizago yana sara ƙanana-ƙanana yana juya gungumen da gwiwa, ɓarɓashi na tashi, har ƙugun turmi ya fito daidai ta kowane gefe. Idonsa ne ma'auninsa. Ya san ƙirya ce ke jure daka saboda taurinta, ya san aduwa ce ke yin allo mai santsi, ya san maɗaci da kawo su ne na ƙofa da kujerar da za a gada.

Mai son farawa ba ya buƙatar inji. Zarto, guduma, tef na awo, sukwaya, kurfi ɗaya, samfefa, gam da fensir sun isa. Katako kuma a je kasuwar 'yan katako a nemi guntaye, da araha ake sayar da su, wani kafintan ma kyauta zai ba ka in ka gaishe shi da ladabi ka ce koyo kake. Wajen zaɓe, ɗaga falankin ka kai ƙarshensa saitin idonka ka hango tsawonsa, in ya karkace ko ya murɗe za ka gani. In ka ji ya yi nauyi fiye da girmansa kuma da sanyi a hannu, ɗanye ne, ka jingine shi a inuwa ya sha iska tukuna. In ka ga ƙananan huji da gari na zuba, ƙwaro ya riga ka.

Maganar ɗanyen katako tana da muhimmanci a ƙasarmu fiye da wurare da yawa, saboda tazarar da ke tsakanin damina da hunturu. Kowa ya san ƙofar da ke cijewa a watan Agusta sai an sa kafaɗa, a watan Janairu kuma ta saki har ana hango waje ta tsaga. Itace na shan danshin iska ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma ta faɗi yake wannan motsi, tsawonsa kusan ba ya canzawa. Saboda haka wanda ya haɗa tebur da ɗanyen katako da damina, ya jira tsagewa da hunturu. In katakon mai tauri ne, huda shi kafin ka sa ƙusa, ko ka ɗan dakushe bakin ƙusar da guduma, ba za ta tsaga shi ba. Auna sau biyu kafin ka yanka. In za ka goge da samfefa, bi tsawon jijiyar itacen, kada ka gitta ta, in ba haka ba duk zanen zai fito ranar da ka shafa fenti. Aikin farko ya zama ƙarami: ɗan benci na ƙofar ɗaki, kantar jera littattafan yara, akwakun tantabara. Zai yiwu ƙafa ɗaya ta fi sauran tsawo. A gyara a ci gaba, na biyu zai fi shi.

A kula da lafiya. Makami mai kaifi ya fi dakusasshe aminci, domin dakusasshe sai an danna da ƙarfi, a nan yake zamewa. Kada hannu ya kasance a gaban kurfi. A sa takunkumi lokacin guga saboda ƙura, a sa takalmi saboda ƙusa, wanda tsatsar ƙusa ta soke shi kuma ya wanke wurin ya je asibiti a duba batun allurar tetanus. In yara na kusa, kada a kore su. A ba su samfefa da guntun katako, mace da namiji, a koya musu riƙe tef da karanta awo, lissafin da ke ba su wuya a aji zai zo musu da sauƙi. Amma zarto da kurfi a rataye su inda hannunsu ba ya kaiwa.

Wanda ya fara taɓa itace da hannunsa zai fara kallon bishiya da wani ido. Zai ji zafin yadda aka yi wa maɗobiya kisan kiyashi ana loda ta a manyan motoci zuwa ƙasar Sin, har a 2017 aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu tsakanin ƙasashe. Zai lura ƙirya da marke na ƙarewa a buhunan gawayi, kuma masassaƙan ƙauye na ƙara nisa cikin daji kafin su samu gungumen turmi ɗaya. Saboda haka mai aikin sha'awa ya tsaya ga guntaye da tsofaffin ƙofofi da karyayyun gadaje da ake jibgewa a bayan ɗaki, sau da yawa katakonsu ya fi na kasuwa kyau don ya gama bushewa tuntuni. In damina ta kama kuma, ya je inda ake renon dashe ya karɓo maɗaci ko biyu, ya dasa a ƙofar gida, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki, ya ɗora wa yaro ɗaya alhakin ban ruwa da rani.